Abin da ya sa Instagram ya taɓa dakatar da 'mai kwashe shara' a manhajarsa

A farkon shekarar 2017 injiniyoyin Instagram suka bayyana cewa sun kashe wani ɓangare na Python, harshen da aka rubuta manhajar manyan kwamfutocin kamfanin da shi. Aikin ɓangaren shi ne share abubuwan da manhaja ta gama amfani da su, shi ya sa ake kiransa "mai kwashe shara".

Yadda Python ke shara

Duk suna ko lamba ko saƙon da manhaja ke aiki da shi yana cin wuri a ma'adanar RAM. Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holland ya fitar a 1991, yana ƙirga wurare nawa ne ke riƙe da kowane abu. Da zarar ƙirgar ta koma sifili, sai ya rushe abin nan take, wurin ya zama fili.

Sai dai idan abubuwa biyu suna riƙe da juna, ƙirgarsu ba za ta taɓa kai wa sifili ba, ko da babu mai buƙatarsu. Saboda haka a shekarar 2000 aka ƙara mai kwashe shara, wanda ke zagayawa lokaci-lokaci yana tsinto irin waɗannan.

Inda gizo ke saƙa

A kowace kwamfutar Instagram, kwafin manhajar da yawa ne ke aiki tare, suna amfani da ma'adana guda domin tsimi. Tsarin Linux yana barin su haka matuƙar babu wanda ya sauya wani abu a ciki. Wanda ya sauya kuwa, sai a ware masa nasa kason daban.

Mai kwashe shara yana yin alama a kan abubuwan da yake dubawa, kuma Linux na ɗaukar wannan a matsayin sauyi. Ke nan mai sharar da kansa ne ke cika ma'adanar. Bayan an kashe shi, kamfanin ya ce ingancin aikin kwamfutocinsa ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin ɗari.

Amma sharar ta ci gaba da taruwa, har ta fara cinye ribar. Kafin ƙarshen 2017 injiniyoyin suka dawo da shi, tare da wani sabon umarni, gc.freeze, da ke hana shi taɓa abubuwan da ake tarayya a kansu. Umarnin ya shiga Python 3.7 a watan Yunin 2018, kuma yanzu kowane mai rubuta manhaja na iya amfani da shi kyauta.