Abin da Ke Sa Gashin Doki Ƙyalli

Yau zancenmu na dawaki ne, kuma daga Madina za mu ɗauko shi.

Alhazanmu da yawa sun san titin Sultana, inda kantunan turare da man shafawa su ke jere. Can farkon titin, kusa da dutsen Sal'u, nan ne Saniyyatul Wada'i, inda a ke ƙare tseren dawaki a zamanin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Dokin da za a sa a tseren nan sai an yi masa tanadi. A ciyad da shi ya yi ƙiba, sa'an nan a rage masa abinci, a lulluɓe shi ya yi ta zufa har jikinsa ya ɗaure. Watau da abinci da aiki su ke gyaran doki. Yau kuwa alhaji mai doki ya kan tsaya a titin nan yana neman kwalbar man da zai kai Kano ko Katsina, domin ingarmansa ya yi sheƙi ran hawan Salla. To, mafi yawan abin da ya ke nema yana nan cikin gidansa.

In aka duba silin gashi da madubin ƙara girman abu, za a ga yana da ɓawo jere bisa jere kamar na kifi. In ɓawon nan ya kwanta, haske ya kan faɗa masa ya komo gaba ɗaya, shi ne ido ke gani a ce ƙyalli. In ya tashi, sai hasken ya watse, doki ya yi furu-furu. A gindin kowane sili kuma akwai 'yar jakar maiƙo cikin fata. Maiƙon nan shi ke kwantad da ɓawon, ya tsare ruwa da ƙura. Man da ya fi kowane mai ke nan, ba a kuwa sayensa.

Aikin ɗan barga shi ne ya fito da maiƙon ya baza shi. Kowace safiya a goge doki da buroshi, a ɗaga dattin, sa'an nan a bi kwanciyar gashi da tsumma mai laushi, da ɗan ƙarfi. Bayan kilisa ko sukuwa a ɗauraye zufar da ruwa zalla, gama zufar doki gishiri gare ta ƙwarai, in ta bushe ta kan dushe gashi. Sabulu kuwa sai jifa-jifa, domin yana kwashe maiƙon, yana kuma tayad da ɓawon. Garin sabulun wankin tufafi kada ma ya kusanci barga. In an yi wanka da sabulu, a zuba khal kashi 1 cikin ruwa kashi 4 a yi ɗauraya ta ƙarshe, a kiyaye ido da inda akwai rauni. Tsamin ya kan kwantad da ɓawon, ya narkad da dattin sabulu da ruwan rijiya mai zartsi ke bari.

Geza da wutsiya su ne ke bukatar taimako daga waje, don gashinsu ya yi nisa da fata, maiƙon ba ya kai wa ƙarshensa. A ɗiga man zaitun ko man kwakwa ko man kaɗanya a tafin hannu, a murtsuke, a shafa daga tsakiyar gashin zuwa ƙasa. A warware ƙulli da yatsa, a fara taza daga ƙasa a haura. Mai gaggawa shi ke ɓata wutsiya, gama gashinta ba ya ƙaruwa fiye da inci guda a wata, silin da ya tsinke yau sai an shekara biyu ko uku kafin ya koma yadda ya ke. Amma kada a malale jikin doki da mai. Cikin hunturu ƙura za ta manne masa ta zama laka, cikin bazara kuwa ya ƙara masa zafi, sirdi kuma ya yi ta zamewa. Kananzir da baƙin man mota da waɗansu ke shafawa ƙona fata su ke yi, doki kuma ya kan lasa.

Sauran magana ta abinci ce, ita ce babba. Gashi ba ya ginuwa sai da abinci mai gina jiki. A Madina sha'ir da ciyawar barsim a ke ba dawaki, mu kuwa muna da gero da dawa da harawa. Dusa kaɗai ba ta isa, yawanta ma ya kan raunana ƙashi, harawa ce ke cike abin da ta rasa. Ana iya ƙara man gyaɗa cikin hatsi, a fara da cokali 1, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako biyu har rabin ƙaramin kofi a yini. Dalilin bi a hankali shi ne doki ba shi da jakar madaciya, cikinsa sai ya saba da mai. Ƙuliƙuli ma yana da kyau, in ba shi da fumfuna. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa mai fumfuna, daga nan masana suka gano dafin da a ke kira afalatokzin, wanda ke lalata hanta. Doki ma bai tsira daga gare shi ba.

In an yi wata biyu ana wannan duka gashi bai gyaru ba, a kira likitan dabbobi ya duba tsutsar ciki da haƙora da ƙazuwa. Maganin kaska na shanu kuwa kada a yi wa doki wanka da shi sai an tambaya, domin mai sinadarin amitaraz ya kan tsai da hanjin doki har ya kai shi ga halaka.