Takalmi Ba Safa: A Duba Cikinsa Kafin A Saya

A ƙasar Damagaram mutane kaɗan ne ke sa safa kullum. Soja yana sawa, wani ma'aikaci ma yana sawa. Amma manomi da makiyayi da mai talla, ƙafa kawai suke zurawa cikin takalmi su kama hanya. Samarin da ke gudun motsa jiki da sassafe, har da masu shirin jarrabawar shiga soja, da yawansu haka suke. Zafin ƙasarmu ne ya kawo haka, ga kuma ƙarancin kuɗi. Sai dai idan babu safa, babu abin da ya raba fatar mutum da cikin takalmi. Saboda haka mai sayen takalmi ya fara duba cikinsa, kafin ya dubi launinsa ko sunan da aka rubuta a jikinsa.

Masu tseren da ba su sa safa

Akwai wasu ƴan wasa a duniya da suka daɗe suna fama da wannan al'amari, kuma za mu ƙaru da su. Wasansu ana ce masa tirayatalon, wato tsere uku a haɗe. Mutum zai fara da iyo cikin ruwa. Da ya fito sai ya hau keke. Da ya sauka sai ya ƙarasa da gudu. An fara wasan yadda ake yinsa yau a garin San Diyego na Amurka a 1974, ya kuma shiga wasannin Olamfik a 2000 a birnin Sidni na Ostareliya. A gajeren tseren ana iyo na mita 750, tuƙin keke na kilomita 20, da gudu na kilomita 5.

Agogo ba ya tsayawa lokacin da ɗan wasa ke sauya kaya. Sa safa a jiƙaƙƙiyar ƙafa yana cin lokaci, abokin hamayya kuwa ba zai jira ba. Shi ya sa da yawansu ke gudu babu safa. To, me suke nema a takalmi? Suna neman wanda cikinsa ke da laushi, babu ɗinki mai tudu. Suna neman wanda iska ke shiga, ruwa da zufa su bushe da wuri. Suna neman wanda ya kama diddige bai bar shi yana ficewa ba. Wasu suna barbaɗa hoda a ciki, wasu suna shafa mai a wurin da takalmi ya saba cin su. Kuma mai hankali a cikinsu ba ya shiga tsere da sabon takalmin da bai gwada ba.

A lura da abu guda. Gudun nasu kilomita 5 ne. A babban tseren da ake gudun kilomita 42, yawancinsu suna tsayawa su sa safa, don sun san abin da zai same su in ba su sa ba. Mutumin da ya taso daga Mirriya a ƙasa ran Alhamis zuwa Kasuwar Dole ya yi wajen kilomita 18. Tafiyarsa ta ninka gudun waɗancan fiye da sau uku, cikin rana da rairayi mai zafi.

Yadda bororo ke fitowa

Abu uku ne ke haɗuwa su kawo bororo: guga, da danshi, da zafi. Ƙafa tana zufa cikin rufaffen takalmi, fata ta yi laushi. Kowane taku, wuri guda yana gugar ta. Sannu a hankali fatar sama ta rabu da ta ƙasa, ruwa ya taru a tsakani. Ƙwayar tsakuwa ko rairayin da ya shiga yana ƙara saurin abin. An fi samunsa a bayan diddige, da gefen ƙaramin yatsa, da ƙarƙashin babban yatsa.

Ko gwanaye bai ƙyale ba. Abebe Bikila, mutumin Habasha, ya je wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960. Takalmin da ya samu bai yi masa daidai ba, sai ya yi gudun kilomita 42 babu takalmi, ya kuma zo na ɗaya. A 1964 a Tokiyo ya sake cin tseren, wannan karon da takalmi a ƙafarsa. Kada wani saurayi ya ji wannan ya jefar da nasa. Ƙafar Bikila ta saba tun daga ƙuruciya, kuma a titin birni ya yi gudunsa. Mu nan ƙarangiya da tsidau da ƙayar aduwa ne ke jiranmu.

A wurin mai takalma

Mun saba da auna ƙafa da kara a ba wanda zai je kasuwa. Kara yana nuna tsawo, amma ba ya nuna faɗi, ba ya kuma jin ɗinki. In da hali, mai ƙafa ya je da kansa. Ya fi kyau ya je da yamma, domin ƙafa tana ɗan kumbura bayan yinin aiki. Takalmin da ya yi daidai da safe yana iya matsewa da la'asar.

Kafin ka sa ƙafa, zura hannu ciki. Bi da yatsa ko'ina, daga gaba har diddige. Abin da yatsanka ya ji yana da kaifi ko tudu, ƙafarka za ta ji shi sau dubu. Sannan ka gwada ƙafa biyu duka, don sau da yawa ɗaya ta ɗan fi ɗaya. Ka miƙe tsaye. Ya kamata a sami sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da bakin takalmi. Ka yi ƴan taku. In diddige yana fita yana komawa, nan bororo zai fito. Mai kaya zai ce maka zai saki in ka yi ta sawa. Takalmin fata yana ɗan saki. Na roba ba ya saki, ƙafar ce ke shan wuya.

Yawancin takalman gudu da ke kasuwanninmu na gwanjo ne. Ba mu hana saye ba, tunda shi ne daidai aljihun talaka. Amma a tuna wata ƙafa ta riga ta zauna a ciki. A duba yadin da ke bayan diddige ko ya yage, domin yagaggen yadi kamar wuƙa yake ga ƙafar da ba safa. A aza takalmin a ƙasa mai laushi ɗaya a ga ko ya karkace gefe guda. In an saya, a wanke shi da sabulu a shanya a rana ya bushe sarai, saboda cutar da ke sa ƙaiƙayi da ruɓewar tsakanin yatsu tana iya zama a ciki.

Game da nauyi, masu bincike sun gano cewa kowane giram 100 da aka ƙara wa takalmi yana ƙara wa mai gudu wahala da wajen kashi 1 cikin 100. Shi ya sa takalmin tsere ba shi da nauyi. Amma don kwalta aka yi shi, kuma yana saurin lalacewa. Ba takalmin gona ba ne. A gona, takalmin taya ya fi shi tare ƙaya. Don doguwar tafiya, buɗaɗɗen takalmin fata na dukawanmu yana barin ƙafa ta sha iska, kuma baduku yana iya gyara maka igiyar da ke cin ka. Da damina kuwa, inda ciyawa ta yi duhu, takalmin roba mai dogon wuya shi ne kariya daga kububuwa, wadda ta fi sara a ƙafa. Shi wannan yana tara zufa ƙwarai, a sa masa safa ko a naɗe ƙafa da tsumma mai tsabta.

Idan ƙafa ta ji ciwo

Sabon takalmi a fara sa shi na ɗan lokaci, kwana bayan kwana. A shafa man kaɗanya kaɗan a diddige da gefen yatsu. Da an ji wani wuri ya yi zafi, a tsaya a kakkaɓe rairayi, a rufe wurin da filasta tun bai tara ruwa ba.

In bororo ya fito, kada a fasa shi da ƙaya ko tsohuwar reza. Fatar da ke sama ita ce murfinsa. In ya fashe da kansa, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a rufe. Kada a sa ƙasa, ko toka, ko baƙin mai na mota. Ƙwayar cutar tetanos, mai sandarar da jiki da haɗe haƙora, tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma ƙaramin rauni ya ishe ta shiga. Akwai allurar rigakafinta a gidan likita. Manomin da ƙafarsa ta ruɓe lokacin noman farko zai kwanta ciyawa tana cin hatsinsa, damina kuwa ba ta dawowa don mutum guda. In wurin ya kumbura, ko ya yi ja, ko ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya zo, a tafi likita ranar.

Masu ciwon sukari su wannan magana ta fi shafa. Ciwon yana kashe jin ƙafa, har tsakuwa ta yini cikin takalmi mutum bai sani ba, kuma rauninsu ba ya saurin warkewa. Ana yanke ƙafa saboda bororon da aka raina. Mai wannan ciwo kada ya sa rufaffen takalmi ba safa, kada kuma ya yi tafiya ba takalmi. Kowane dare ya dubi tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu. In idonsa ba ya gani sosai, ya sa ɗansa ko matarsa su duba masa.