Tsufa a unguwar da aka saba

A shekarar 1962 aka buɗe rukunin gidaje mai suna Penn South a birnin New York, wanda ƙungiyar ma'aikatan ɗinkin tufafi ta Amurka ta ɗauki nauyin ginawa, dogayen benaye 10 masu ɗauke da gidaje 2,820. Magidanta suka tare da sauran ƙarfinsu. Shekara ashirin da 'yan kai bayan nan, 'ya'ya sun kama gabansu, iyaye sun manyanta, ga ciwon gwiwa ga kaɗaici. Maimakon a kwashe su zuwa gidan gajiyayyu, sai a 1986 aka kawo ma'aikatan jinya da jami'an kula da walwala cikin rukunin, aka buɗe musu ofis. Tsoho na ɗakinsa, maƙwabcinsa na nan, a zo a duba hawan jininsa, a taya shi cike takardun asibiti.

Wannan tsari ya burge ni, domin bai nemi sabon gini ba. Ya lura ne cewa unguwa ma tana tsufa tare da mazaunanta.

A Beacon Hill da ke Boston kuwa, dattawan ne da kansu suka yi wa kansu mafita a 2002, suka kafa ƙungiya. Kowa na biyan kuɗin shekara, ƙungiya kuma ta samo wanda zai kai shi asibiti, ta yi masa cefane, ta turo amintaccen mai gyaran famfo. Yau irin waɗannan ƙungiyoyi sun kai ɗaruruwa a Amurka, sai dai akasarin membobinsu masu abin hannu ne. Kuma in ruɗewar tsufa ta yi tsanani har mutum ya daina gane iyalinsa, zirga-zirgar 'yan sa-kai ba ta wadatarwa, sai an sami mai kwana da shi.

Bahaushe zai ce ai mu muna da babban gida. Gaskiya ne, amma a Kano da Zariya sau da yawa rabon gado kan kai ga sayar da shi, 'ya'ya su koma sababbin unguwanni masu katanga da get. Dattijon da aka ɗauke daga cikin gari zuwa can yakan sami ɗaki mai tayil da fanka, ya rasa zaurensa, da abokan hirar bayan la'asar, da masallacin da ƙafarsa ke iya kai shi sau biyar. Shi ya sa wasu kan yi mako guda su ce a mayar da su gida.