Mamacin da Ya Kai Ƙara da Ƙafarsa

 Yau za mu leƙa Amurka ta shekarar 1950, domin mu yi nazarin wani ɗan fim marar launi, wanda tsawonsa bai kai sa'a ɗaya da rabi ba, wanda kuma masu shi ba su kashe masa dukiyar a zo a gani ba, amma duk da haka, alhali an manta da manyan finafinan zamaninsa da yawa kamar ba a yi su ba, shi har yau ma'abota wannan fanni ba su daina muhawara a kansa ba. Sunansa haruffa uku ne, D.O.A., waɗanda asibitoci da 'yan sandan Amurka kan rubuta a takardar mutumin da aka iso da shi ya riga ya cika.

Ga yadda ƙissar ta soma. Da daddare wani mutum cikin kwat ya shiga hedkwatar 'yan sandan birnin Los Anjeles, kyamara tana biye da shi a baya, ba mu ga fuskarsa ba, ya ratsa wannan zaure ya faɗa wancan, tafiya ta yi nisa har mai kallo ya fara tambayar kansa ina aka dosa, kafin ya tura ƙofar sashen binciken kisan kai, ya zauna gaban shugabansu, ya ce ya zo kawo rahoton kisa. Da aka tambaye shi wa aka kashe, sai ya ce shi ne. Abin da ya fi wannan jawabi ban mamaki shi ne ɗan sandan bai ɗauke shi mahaukaci ba, sai ya jawo wata takarda da aka aiko musu daga San Faransisko, ya ambaci sunansa, ya ce da ma nemansa ake yi. A ganina, ko da wannan muƙaddima kaɗai marubutan, Russell Rouse da Clarence Greene, suka bari, sun cancanci a riƙa ambatonsu, domin al'adar labarin bincike ita ce a fara da gawa sa'an nan a nemo mai bincike, su kuwa sai suka haɗa gawar da mai binciken a jiki ɗaya.

Mutumin nan, Frank Bigelow, akanta ne a wani ƙaramin gari mai suna Banning a jihar Kalifoniya, kuma yana da izinin hukuma na buga hatimin shaida a kan takardun ciniki. Sakatariyarsa Paula tana sonsa, tana son aure, shi kuwa yana ta noƙewa, har ya tsiri hutun mako guda a San Faransisko shi kaɗai, wai don ya sami sararin tunani, alhali kowa ya ga irin kallon da yake bin matan otal ɗin St. Francis da shi ya san ba tunani ya kai shi ba. A daren farko ya bi wasu 'yan kasuwa zuwa wani gidan rawa na bakin teku inda ake kiɗan jaz, kuma a cikin wannan hayaniya, yana can ya shagala da zance da wata mace, wani mutum da ba mu ga kome nasa ba sai kwat da gyalen wuyansa ya musanya masa kofi. Gari ya waye cikinsa ba daɗi. Likitan farko ya gaya masa guba ya sha wadda ba ta da makari, ya ƙaryata shi ya fice a fusace. Likita na biyu kuwa bai tsaya jayayya da shi ba, kashe fitila kawai ya yi, ya ɗaga 'yar kwalbar gwaji tana ƙyalli a cikin duhu, ya shaida masa cewa kwana ɗaya ne ko biyu, in ya daɗe mako, kuma tun da ba shi ya sha da gangan ba, to kashe shi aka yi.

Nan ne falalar fim ɗin ta fi bayyana, kuma nan ne talaucinsa ya zame masa alheri. Manyan kamfanonin Holiwud na wancan zamani suna da tituna na katako a cikin harabarsu, da ɗaruruwan 'yan rakiya da ake biya su yi ta kai da kawo kamar jama'ar gari. Shi kuwa furodusa Leo Popkin, da ke aiki da ƙaramin kamfani mai zaman kansa, sai ya fita da kyamara zuwa titi na gaskiya. Saboda haka lokacin da Bigelow ya fito daga asibiti ya sheƙa da gudu a kan titin Market, kamar mai zaton zai tsere wa abin da ke cikin hanjinsa, mutanen da yake bangajewa masu wucewa ne na haƙiƙa waɗanda ba a sanar da su ana ɗaukar fim ba, kuma mamakin da ke fuskarsu ba wanda ya koya musu shi. Ya yi gudu har numfashi ya ƙare masa, ya jingina da rumfar mai sayar da jaridu, ya ga wata 'yar yarinya da ƙwallonta, ya ga saurayi da budurwa sun haɗu suna murna, rana tana haskawa, motoci suna wucewa, duniya ba ta rage kome daga harkarta ba saboda ajalinsa ya gabato. Da ƙyar aka furta kalma a wannan wuri, kuma ba a bukaci a furta ba.

Wanda ya san tarihin daraktan ba zai yi mamakin wannan ba. Rudolph Maté, haifaffen birnin Krakow a 1898, ya shafe shekaru yana mai ɗaukar hoto kafin ya zama mai ba da umarni: shi ya ɗauki fim ɗin Carl Dreyer a kan Joan of Arc a Faransa a 1928, wanda har yau ake koyar da ɗalibai yadda aka ɗauki fuskoki a cikinsa, shi ya ɗauki Gilda a 1946, kuma sau biyar a jere ana sa sunansa cikin 'yan takarar lambar Oska. Mutumin da ya yi wannan tarbiyya, ga kuma Ernest Laszlo riƙe da kyamara, ya san cewa inuwa ba a sayenta da kuɗi, kuma tsohon ginin Bradbury na Los Anjeles, da matakalansa na baƙin ƙarfe da aka gina tun 1893, inda aka yi arangamar ƙarshe, ya fi duk abin da kafinta zai ƙera masa kwarjini. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Edmond O'Brien, wanda ya fito a matsayin Bigelow, shi ma ya dace da mahallinsa, domin ba shi da surar jarumi: mutum ne mai ɗan jiki, mai yawan gumi, irin wanda za ka tarar a kowane ofis yana lissafin harajin wani. Tsoronsa tsoron talaka ne, fushinsa kuma na wanda bai saba faɗa ba ne, sai da ya tabbata ba abin da ya rage masa da zai yi asara. Bayan shekaru kaɗan ya ci Oska da wani fim na 1954, The Barefoot Contessa, amma da yawa cikin masu sha'awarsa da wannan gudun na titin Market suke tuna shi. Sai kuma Neville Brand, tsohon sojan yaƙin duniya na biyu wanda a lokacin sabon shiga ne a sana'ar, da ya fito a matsayin Chester, ɗan daba mai zare ido yana murmushi, wanda ya gano cikin Bigelow ne ke ciwo, ya kuma mai da naushin wurin abin nishaɗinsa, har ajalinsa ya riske shi a wani kantin magani.

To, masu sauraro, insafi ya wajabta mu juya ga aibobin, kuma ba kaɗan ba ne.

Na farkonsu ƙarami ne amma yana da ban haushi. A otal ɗin nan, duk sa'ad da Bigelow ya ɗaga ido ya ga mace, sai a busa wani usur mai zamewa sama da ƙasa, irin na finafinan zane na yara, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Fim ɗin da ya buɗe da mutum yana ba da rahoton mutuwarsa, wanda kuma mashahurin mai tsara kiɗa Dimitri Tiomkin ya yi wa kiɗa, bai kamata a ce ya zubar da girmansa da wannan wargi ba, kuma duk uzurin da masoyansa suka kawo, cewa wai ana nuna gafalar mutumin ne kafin musiba ta auka masa, bai gamsar da ni ba, domin idon O'Brien ya riga ya nuna gafalar, usur bai ƙara kome ba sai raini.

Babban aibin kuwa yana tsakiyar labarin. Da Bigelow ya bi sawu zuwa Los Anjeles, inda wani ɗan kasuwa mai suna Eugene Philips, wanda ya yi ta nemansa ta waya, ya faɗo daga bene ya mutu aka ce kansa ya kashe, sai marubutan suka buɗe ƙofa sunaye suka yi ta kwararowa: ga matar mamacin, ga ɗan'uwansa, ga sakatariyarsa, ga mai kula da kuɗin kamfanin, ga wata mace mai tallan kaya, ga wani attajirin 'yan fasa-ƙwauri mai suna Majak, ga wani George Reynolds wanda ashe ba sunansa ke nan ba kuma ashe ya riga ya mutu, ga kuma ƙarfen iridiyam na sata da aka sayar aka sake sayarwa. Kowa ya yi ƙarya, kowa ya dawo ya gyara ƙaryarsa a cikin dogon jawabi, har mai kallo ya koma kamar almajirin da aka ba rabon gadon mamaci mai mata huɗu da 'ya'ya talatin, aka hana shi allo da tawada. Illar wannan ba rikitarwa kaɗai ba ce. A duk mintin da muke ƙoƙarin tuna wa ya sayar wa wa da me, mun manta cewa mutumin da ke gabanmu mutuwa yake yi, alhali wannan shi ne jarin fim ɗin gaba ɗaya. Marubutan sun sami lu'ulu'u a hannunsu, amma suka ji tsoron ba zai isa ba.

Haka nan maganganun Paula, waɗanda Pamela Britton ta yi iyakar ƙoƙarinta a kansu, an cika musu zuma har sun gundura, kuma an bar ta a bakin waya mafi yawan lokaci, ba ta san kome ba, shi kuma bai gaya mata ba har ya mutu. Gubar ma akwai magana a kanta: a ƙarshen fim an rubuta cewa bayanan likitancin da ke ciki ingantattu ne, amma hankali yana wuyar karɓar gubar da ta gama cin hanjin mutum, sa'an nan ta bar shi yana tsalle daga mota, yana hawan bene da gudu, yana musayar wuta, sai daidai lokacin da ya kai aya a labarinsa ta kayar da shi.

Akwai kuma wani abu da ba zan kira shi aibin sana'a ba, sai dai mai kallo irinmu ba zai kasa lura da shi ba. An gaya wa mutum kwanakinsa, ni'imar da ba a cika ba ɗan Adam ba, kuma sana'arsa ma hisabi ce, amma ko sau ɗaya bai zauna ya yi wa kansa hisabi ba: babu wasiyya, babu istigfari, babu neman yafewar kowa in ban da 'yar nadamar da ya nuna wa Paula a ƙurarren lokaci. Tambayarsa ɗaya ce, wa ya yi mini, kuma don me. Wataƙila haka zamanin yake, shekara biyar bayan yaƙi da bam ɗin Hiroshima, lokacin da abu mai ƙyalli a cikin duhu ya isa ya tsorata kowane Ba'amurke, mutane kuma suka fi neman mai laifi a waje da su neme shi a zuci.

Amma amsar da ya samu ita ce ta fanshi dukan wannan hargitsi, kuma saboda ita nake ɗora fim ɗin sama da takwarorinsa. Ba zan faɗi sunan mai kisan ba, don kada in ɓata wa wanda bai gani ba. Sababin dai shi ne, watanni kafin haka Bigelow ya buga hatiminsa a kan wata takardar cinikin iridiyam ɗin nan, ɗaya daga cikin ɗaruruwan da suka ratsa teburinsa, wadda shi ko tuna ta bai yi ba sai da Paula ta binciko a littafin ofis. Takardar kuwa hujja ce da za ta wanke Philips daga tuhumar sata, in kuwa ta wanke shi, babu sauran dalilin da zai sa a yarda kansa ya kashe, sai a koma neman wanda ya tunkuɗo shi, da abin da ke tsakanin wannan mutum da matar gidan. Don haka ba ƙiyayya ce ta kashe Bigelow ba, ba kuma bashi ko kishi ba. Wanda ya zuba masa guba bai ma san shi ba. Ya tafi San Faransisko da niyyar saɓo, har mai kallo ya zaci a nan uƙubarsa take, ashe aikin halal da ya yi a ofishinsa da rana tsaka shi ne sanadi. Samun irin wannan natija a fim ɗin da aka yi don cika kujerun sinima na mako guda ba ƙaramin abu ba ne.

An sake yin labarin a Ostareliya a 1969 da sunan Color Me Dead, aka kuma sake a Holiwud a 1988 da Dennis Quaid da Meg Ryan, da launi da kuɗi masu yawa, amma ba wanda ya kama ƙafar na asali. Shi na asalin, sakacin sabunta rajistar haƙƙin mallakarsa ya sa ya zama na kowa da kowa, abin da ya jawo kwafe-kwafe marasa kyau suka cika kasuwa, ya kuma sa miliyoyin da ba za su taɓa jin labarinsa ba suka gan shi. A 2004 ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin finafinan da ƙasar ta wajabta wa kanta adanawa.

Hukuncina dai shi ne, sulusinsa na farko ya kai a jera shi da kowane fim na zamaninsa, tsakiyarsa sai an yi haƙuri, ƙarshensa kuma ya biya haƙurin. Yana nan kyauta a intanet ga mai bukata. Sai dai ku nemi kwafin da hotonsa ya fita sosai, domin rabin daɗinsa a cikin inuwa yake, in kuma kun iso wurin usur ɗin nan ku daure, ba ya daɗewa.