Taron Bidiyo: Abin Da Ya Sa Wata Salula Ba Ta Ganin Wata

Akwai tambayar da ke yawan zuwa mana tun da jama'armu suka fara nuna wa juna dabba a salula, ƙungiyoyi kuma suka fara tunanin yin zama da wakilansu na Legas, Kwatano, Kumasi da Abijan ba tare da kowa ya hau mota ba. Tambayar ita ce: yaya aka yi mai ƴar ƙaramar Nokia zai buga wa mai iPhone, su gaisa, su yi ciniki lafiya lau, amma da an ce a ga fuskar juna sai wannan ya ce shi WhatsApp gare shi, wancan ya ce Zoom, wani ya ce tasa ta ƙi buɗewa? Da yawa sai su ɗora laifin a kan rezo, ko su ce an sayar musu da jabu. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa wayar lafiyarta ƙalau, rezo ma akwai. Matsalar daga wani wuri take, kuma gara mu gane ta kafin a ɗebi kuɗin ƙungiya a kai kanti.

Kiran murya yana tafiya tsakanin kowace waya da kowace sabili da ƙasashe da kamfanoni sun daɗe da yarda da ma'auni guda. Akwai hukumar sadarwa ta duniya a Janeba, ana ce mata ITU, ita ta raba lambobin nan da muka haddace: 227 Nijar, 234 Nijeriya, 233 Gana, 225 Kodebuwa. Ko layinka Airtel ne ko Moov ko MTN, hanyar da kira ke bi an riga an shata ta. Kamar tiya ce a kasuwar hatsi, in kowa ya yarda da girmanta ba sai an yi gardama ba.

Shi ma bidiyo da farko haka aka so a yi masa. A 1990 hukumar nan ta fitar da ƙa'ida mai suna H.320 domin injinan taro da ke aiki kan layin tarho na musamman. A 1996 ta fitar da H.323 domin masu bi ta hanyar sadarwar kwamfuta, a 1999 kuma wata ƙa'idar mai suna SIP ta fito daga masu tsara intanet. Manyan injinan da bankuna da ma'aikatu suka riƙa girkawa a ɗakunan taro, irin na Polycom na Amurka da Tandberg na Norwe, duk waɗannan harsuna suke ji. Injin wani kamfani yana iya kiran injin wani, su ga juna. Illa dai tsada gare su, ba kayan talaka ba ne.

To sai ga masu araha sun zo, kowa da shingensa. Skype ya fito a 2003, FaceTime na Apple a 2010, Zoom ya fara aiki a 2013, WhatsApp ya ƙara kiran bidiyo a ƙarshen 2016. Waɗannan ba su ce a biya ko dala ba, amma kowanensu ya gina garkensa ya sa ƙofa. Mai WhatsApp ba ya kiran mai Zoom. Mai Zoom ba ya kiran mai FaceTime. Ba don abin ya gagari masana ba ne, domin dabarar matse hoton da akasarinsu ke amfani da ita kusan iri ɗaya ce, wadda ta fi yaɗuwa ma, H.264, tun 2003 take. Lissafin kasuwa ne kawai: wanda ya tara jama'a a rumfarsa ba ya son su leƙa ta maƙwabci. Ranar da aka ƙaddamar da FaceTime, shugaban Apple na lokacin, Steve Jobs, ya faɗa a bainar jama'a cewa za su buɗe shi ya zama ƙa'idar kowa. Ba a yi ba. Sai a 2021 suka yarda mai Android ya shiga kiran FaceTime in mai iPhone ya aiko masa da adireshin shiga, amma shi ba ya iya fara kiran da kansa. Wato baƙo ne, sai an gayyace shi.

Kun ga ke nan tambayar farko in za a yi zama ba ita ce wace waya ke gare ka ba, ita ce wace ƙofa za mu shiga gaba ɗaya. WhatsApp kusan kowa yana da shi, kuma yana ɗaukar mutum har 32 a kiran bidiyo, sai dai dole kowa ya kasance da lamba a cikinsa. Zoom na kyauta yana ɗaukar mutum 100 amma yana yanke zaman a minti 40. Google Meet na kyauta shi ma mutum 100, yana yankewa a minti 60 in kun kai uku. Mu dai a ganinmu, zaman kwamitin da bai wuce mutum goma ko goma sha biyar ba, babu dalilin wahal da dattawa da sabuwar manhaja, WhatsApp ya isa. Minti 40 kuwa, ku da kanku kun san gaisuwa da tambayar iyali kaɗai za su cinye rabinsa.

Abin da ya ɗan sassauta shingen nan shi ne wata dabara mai suna WebRTC, wadda Google ya saki ga kowa a 2011, aka tabbatar da ita a matsayin ƙa'ida a 2021. Ita ta sa burauza irin Chrome ke iya ɗaukar hoto da murya kai tsaye. Shi ya sa in an aiko maka da adireshin taro, wanda yara ke ce wa linki, a kwamfuta kana iya dannawa ka shiga Meet ko Teams ko Zoom ba tare da ka sauke komai ba. A salula kuwa galibi za su tura ka ka sauke manhajarsu tukuna, kuma a nan ne ake gane wayar da ta tsufa.

Wannan batu na tsufan waya yana son a tsaya a kansa, domin shi ya fi cin mutanenmu. Salula ba kamar rediyo ba ce da za ta shekara ashirin tana kama tasha. Kamfanonin manhaja suna janye hannu daga tsofaffin wayoyi lokaci lokaci. WhatsApp ya bar BlackBerry a ƙarshen 2017, ya bar ƙananan Nokia masu S40 a ƙarshen 2018, a 2023 ya bar duk Android ɗin da bai kai lamba 5.0 ba, a 2025 kuma ya bar tsofaffin iPhone irin su 5s da 6. Waya tana nan fes, batir yana riƙe caji, amma ƙofa ta rufe. Saboda haka mai sayen ta hannu a kasuwa, kada ya tsaya ga duba fuska da jiki. Ya sa a buɗe masa saiti ya ga lambar Android ɗin, kamar yadda ba ma sayen sa sai mun buɗe baki mun ga haƙori. Haka kuma wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin da Amurka ta sa wa kamfanin a 2019 ba su zuwa da kayan Google a ciki. Wayoyi ne masu kyau, amma wanda ya sayi irinsu da niyyar shiga Google Meet zai sha fama. Ƙananan wayoyi masu araha kuma, masu ƙaramar ƙwaƙwalwa, suna iya ɗaukar kiran mutum biyu, amma in fuskoki suka yi yawa sai su yi zafi su riƙa tsayawa.

Sai maganar haɗa waya da talabijin, domin duk wanda ya ga dattawa takwas sun yi cincirindo a kan salula guda ya san dole a nemi babban allo. A nan ma akwai tarko. Bakin caji na zamani, wanda ake ce wa USB-C, siffarsa ɗaya ce a kowace waya, amma aikinsa ba ɗaya ba ne. Wasu wayoyi suna fitar da hoto ta wannan baki, kamar manyan Samsung na jerin S da iPhone 15. Akasarin masu araha ba su yi, caji da tura fayil kawai suka iya. Mai kanti zai sayar maka da igiyar da ke da USB-C a kai ɗaya da HDMI a ɗayan, ka zo ka soka, talabijin ta yi shiru, alhali igiyar ba ta da laifin komai. Kada a biya kuɗin igiya sai an gwada ta da wayar a gaban mai kanti. Tura hoto ba igiya kuwa, shi ma gida gida ne: Apple yana da AirPlay, Google yana da Chromecast, wasu talabijin kuma Miracast suke ji, kuma ba lallai wannan ya ji wancan ba. Wanda ya gaji tsohon majigi mai shuɗin baki, wato VGA, ya sani hoto kaɗai yake ɗauka, murya sai an nema mata hanya dabam.

Shi ya sa shawarar da muke ba kowace ƙungiya mai son shirya ɗakin zama ita ce ta bi hanya mafi sauƙi. Kwamfutar hannu guda, igiyar HDMI zuwa talabijin, kyamara mai USB, da lasifikar taro mai makirfo a jikinta a aje tsakiyar tabarma. Kyamarorin USB suna bin ƙa'ida guda, da an soka kwamfuta ta gane su, kuma suna aiki da Zoom, da Meet, da Teams, da WhatsApp na kwamfuta. In gobe wani kamfani ya canja ra'ayi, kayanku na nan. Wannan ba zato ba ne: Skype da duniya ta yi shekara ashirin da wani abu tana amfani da shi, Microsoft da ya saye shi a 2011 ya rufe shi a watan Mayu na 2025, ya ce jama'a su koma Teams.

A yi hattara da tsofaffin injinan taro na ma'aikatu da ake zubarwa a kasuwar kayan gwanjo. Za ka ga kyamara mai juyawa da kanta, da rimot, abin sha'awa, farashi kuma ya faɗi. Injinan nan H.323 da SIP suke ji. Kafin su shiga zaman Zoom ko Teams sai an sa musu tafinta a tsakani, kuma tafintan nan na haya ne, ana biya wata wata ko shekara shekara. Akwai ma kamfanin da sana'arsa ke nan, Pexip na ƙasar Norwe. Dillanci ne, mu kuwa ba mu raina dillanci, sai dai a san da la'adar kafin a saya. Sababbin injinan ɗaki ma akasari an ɗaura su ne ga kamfani guda. Daga 2020 na Zoom da na Teams suka fara iya shiga zaman juna a matsayin baƙi, amma ba duk abin da ɗan gida ke yi baƙo ke samu ba. Wanda zai sayo kaya daga Kano ko Akara ya tuna kuma cewa fulogin can mai ƙafa uku ne masu faɗi, namu na wannan gefe mai ƙafa biyu ne zagayayyu.

Ranar zama, in mutum biyar suna ɗaki ɗaya, na'ura guda kaɗai za a bar makirfo da lasifikarta a buɗe. In aka bar biyu, muryar wannan ta shiga waccan ta dawo, sai ƙara mai huda kunne. Ba aljani ba ne, ba kuma lalacewa ba ce. A tuna kuma agogon Gana da Kodebuwa yana bayan namu da awa ɗaya.

Game da mega, ga lissafi mai sauƙi. Zoom ya ce kiran mutum biyu mai hoto mai kyau yana son kilobit 600 a daƙiƙa, fita da shiga. In aka buga, awa ɗaya ta haura mega 500. Kasuwar ƙauyen da rezonta 2G ne kawai ba ta ɗaukar wannan, komai tsadar wayar. In rezo ya raunana, manhaja ba ta yanke kira nan take, sai ta rage kyan hoto domin murya ta tsira. Wannan ya dace da zaman shawara, inda magana ce abin nema, kuma wanda rezonsa ke rawa gara ma ya kashe kyamararsa a ji shi sosai. Amma ga ciniki abin dubawa ne. An ce gani ya kori ji, to hoton da aka matse har ya dushe bai kai gani ba. Ƙurajen fata, dafin baki, tsagewar kofato, ɗan ɗingishi, su ne abubuwan farko da ke ɓacewa. Mai saye a Abijan ya ga sa ya cika allo, ya tura kuɗi, mota ta sauke masa abin da bai yi zato ba, sai rigima, kuma amanar shekaru ta taɓu a kan abin da babu wanda ya yi niyyar ha'inci. Cinikin biri a sama ke nan da sabon salo.

Abin da ya fi shi ne a yi kiran domin a daidaita magana, sa'an nan a ɗauki bidiyon dabbar dabam, da rana, a zagaya ta, a sa ta yi tafiya, a buɗe baki, a aika. WhatsApp yana matse bidiyon da aka aika yadda aka saba, amma in aka aika shi a matsayin fayil yana isa yadda aka ɗauke shi, kuma tun 2022 yana karɓar fayil har giga 2. Sai dai a nan ma rashin jituwar na iya ɓullowa. Tun 2017 iPhone ke ɗaukar bidiyo da sabuwar dabarar matsewa mai suna H.265, wadda wasu tsofaffin wayoyin Android da kwamfutoci ba su iya buɗewa. A saitin kyamarar iPhone akwai wurin da ake mayar da ita H.264, wadda kowa ke ji. Mai aika wa mutane iri iri ya sa yaro ya gyara masa wannan sau ɗaya ya huta.

Ko shingen nan zai faɗi wata rana? Tarayyar Turai ta yi doka a 2022 da ta tilasta wa manyan kamfanoni irin mai WhatsApp su buɗe ƙofa ga wasu manhajoji: saƙon rubutu tukuna daga 2024, kiran murya da bidiyo kuma an ba su zuwa 2027. Dokar ta mutanen Turai ce, ba ta shafi lambar 227 ko 234 ba. Amma ita Turai ɗin ce ta matsa a kan bakin caji guda, har Apple ya koma USB-C a 2023, kuma wayar da ya ƙera musu ita ce ta iso kasuwar Maraɗi.