Mas'alar Harsashi a Farautar Elk ta Ƙasar Amurka

Ku sani, a cikin duwatsun Roki, yammacin Amurka, akwai wata dabbar dawa da su ke kira elk. Girmanta ya ɗara na gwanki, namiji ya kan kai laba 700, yana da ƙahoni masu rassa waɗanda ke zubewa kowace shekara su sāke tsirowa. Da kaka a ke farautarta, da lasin na hukuma. Mafarautan ƙasar kuwa sun daɗe suna saɓani a kan harsashin da ya cancanci a harbe ta da shi. Ba gardamar banza ba ce, domin elk dabba ce mai taurin rai. In harbi bai ratsa huhu ba, sai ta shige surƙuƙi da rauni, ta mutu can inda ba mai gani, nama ya tafi ga kyarketai.

Da farko a san ma'auninsu. Nauyin harsashi da ƙwaya su ke ƙidaya shi, giren da bakinsu, asalinsa kuwa ƙwayar sha'ir ce, kamar dai yadda malamai suka ƙaddara miskali da ƙwaya 72. Giren 7,000 shi ne laba guda. Harsashi mai giren 180, wanda aka fi yi wa elk, nauyinsa miskali uku ne ba rubu'i. Da wannan ɗan abu a ke kā da dabba mai girman sa.

Mashahuran masu saɓanin biyu ne. Jack O'Connor, marubucin mujallar Outdoor Life, ya tafi a kan .270 Winchester, wanda ya fito a 1925, da harsashi marar nauyi, giren 130, mai gudu ƙwarai. Hujjarsa ita ce bindigar da ba ta naushin kafaɗa da ƙarfi ita mutum ke iya saitawa. Elmer Keith, mutumin Aidaho, ya ƙi wannan ƙauli. Ya ce dabba ba kullum ta ke ba da haƙarƙari ba, wani lokaci sai an fasa ƙashin kafaɗa, saboda haka a nemi baki mai faɗi da harsashi mai giren 250 ko fiye. O'Connor ya mutu a 1978, Keith a 1984, almajiransu ba su daina ba.

Jama'a dai tsakiya suka bi: .30-06, wanda sojan Amurka suka ɗauka a 1906, da giren 165 ko 180. Mai son harbi daga nesa ya kan hau zuwa 7mm Remington Magnum na 1962 ko .300 Winchester Magnum na 1963, amma da sharaɗi. Wanda ke runtse ido kafin ya ja kunama, don tsoron naushi, ƙarin albarushi bai ƙara masa kome ba sai kuskure. Dokar jihar Kolorado, inda elk ya fi yawa, ba ta nemi da yawa ba: faɗin .24 na inci da giren 85. Wannan iyakar halacci ce kawai, masu hankali ba su tsayawa nan.

Abin da ya rage zafin mas'alar kuwa ƙirar harsashin ce. A 1946 wani mai suna John Nosler ya harbi mus, dabbar da ta fi elk girma, a ƙasar Kanada, da babbar bindiga. Jikinta ya sha taɓo ya bushe, harsashi ya yi ta tarwatsewa bai shiga ba. Ya koma gida ya ƙera wani mai shamaki na jan ƙarfe a tsakiya: dalmar gaba ta baje ta buɗe rauni, ta baya ta tsaya cur ta ci gaba da ratsawa. A 1948 ya fara sayarwa da sunan Partition. Da irinsa, giren 150 a cikin .270 ya kan yi aikin da dā sai mai nauyi ƙwarai, watau Keith ya sami ratsawarsa a cikin bindigar O'Connor.

Daga 2019 jihar Kalifoniya ta hana farauta da dalma, domin tana kashe manyan ungulayen da ke cin ragowar nama. Harsashin jan ƙarfe zalla bai kai dalma nauyi ba, sai ya yi tsawo, kuma ba ya zubar da jikinsa cikin nama. Saboda haka mai harba 180 na dalma ya kan sauka zuwa 165 ko 150 in ya koma ga jan ƙarfe.