Idan Silon Motar Dizal Ya Ƙi Sauka

Silo shi ne juyin da injin mota ke yi shi kaɗai bayan an tayar da shi, giya tana firi, babu ƙafa a kan totur. A ƙaramar mota mai shan dizal, wanda direbobi suka fi kira gas, allurar da ke auna juyin inji takan tsaya tsakanin 700 da 900 a minti ɗaya idan inji ya ɗauki zafi. Manyan motoci sukan yi ƙasa da haka. Idan allurar ta kafe a 1,200 ko 1,500, ko kuma a motar da ba ta da allura kunne ya ji inji yana ruri alhali ba a taka shi ba, sai a ce silo ya hau. Mai yana ƙonewa a banza, giya tana shiga da ƙara, mota tana fizgar direba a cikin cunkoson kasuwa. Wani lokacin kuma alama ce ta farko ta matsalar da kan iya halaka injin ɗungurungum.

Wannan magana ta shafi yankin Malumfashi kai tsaye, domin a nan injin dizal abin neman abinci ne. Tun daga 1975, lokacin da aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tarakta da motar ɗaukar kaya suka ƙara samun gindin zama a wannan ƙasa. A yau Kanta da Hilux da tsofaffin Marsandi ne ke kwashe masara da dawa da auduga da waken soya daga ƙauyukan Kafur da Bakori zuwa kasuwannin Funtua da Dandume, wasu su miƙe hanyar Dayi da Gwarzo zuwa Kano. Motar da ta kwana biyu a gareji lokacin kaka ta ja wa mai ita asarar da ba ta dawowa.

Kafin a ɗauki sufana, akwai abu guda da ya wajaba a fahimta, kuma a kansa ne kanikawan da suka saba da motar fetur suke yin tuntuɓe. A injin fetur, iska ce ke juya akalar gudu. Totur yana buɗe wata ƙofa a hanyar iska, don haka tiyo ɗaya da ya tsage yana satar iska ya isa ya ɗaga silo. Injin da Rudolf Diesel ya ƙirƙira a Jamus, wanda ya fara aiki sosai a 1897, ba haka yake ba. Shi yana shaƙar iska iya cikinsa a kowane lokaci, fistin ya matse ta har zafinta ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai ya kama da kansa ba tare da fulogi ba. Yawan man da aka fesa shi ne yawan gudu. Saboda haka idan silon dizal ya hau, tambayar guda ce: daga ina ƙarin man yake shigowa, kuma wa ya ba da izininsa? Neman inda iska ke yoyo a bututun shaƙa, kamar yadda ake yi wa motar fetur, ɓata yini ne.

Amsa ta farko ita ce, sau da yawa injin ne da kansa ya ga dama, kuma lafiyarsa lau. Da asubar hunturu, lokacin da sanyin Malumfashi ke sa ƙarfe ya yi kamar ƙanƙara, yawancin injuna suna ɗaga silo har sai ruwan lagireto ya yi ɗumi, sannan su sauko. Haka idan an kunna na'urar sanyaya mota, ko batir ya yi rauni kwamfutar mota tana son altaneta ta ƙara caji. Wasu motocin da aka shigo da su daga Turai suna da matatar toka a cikin salansa, kuma lokaci zuwa lokaci sukan ɗaga silo na wasu mintoci don ƙone abin da ya taru a ciki. Shi ya sa ba a yanke hukunci kan inji mai sanyi. A bari ya yi zafi sosai, a kashe fitilu da na'urar sanyi, sannan a duba allura.

A nan ne wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejinmu take shigowa, wato cire tamostat da sunan wai ƙasarmu akwai zafi. Tamostat ƙaramar ƙofa ce da ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 80 zuwa 90 kafin ta sake shi zuwa lagireto. Idan an cire ta, inji kan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da hunturu da damina, kuma abin da ke ɗaga silo saboda sanyi sai ya ƙi sakin hannunsa. Mai mota ya yi ta zarya wajen mai gyaran injekta, wato famfon da ke tura wa nozul mai, alhali maganin ɗan ƙarfe ne da bai kai tafin hannu ba. Wannan al'ada ba ta da amfani, kuma lokaci ya yi da za a bar ta.

Idan inji ya yi zafi silo bai sauka ba, sai a koma kan hanyar totur, daga ƙafar direba zuwa injekta. Tabarmar ƙasa da ta naɗe ta danne feda, igiyar totur da ta bushe ko zarenta ya fara warwarewa a cikin kube, sifirin mai mayar da hannun injekta da ya saki ko ya ɓalle aka ɗaure shi da waya. Motar da ta yi sati tana jigila daga masussuka takan tara ƙaiƙayi da ƙura a wannan wuri, su haɗu da maiƙo su zama kamar danƙo. Gwajin ba shi da wuya. A buɗe bonet, inji yana aiki, a tura hannun injekta baya da ɗan yatsa. Idan ya motsa silo ya faɗi, laifin na igiya ne ko sifirin. Idan hannun yana zaune daram a kan kusar silo amma inji yana ci gaba da ruri, matsalar ta wuce nan.

Kusar silon nan ita ce abin da kowa ke fara kai wa hannu, kuma ita ya kamata a taɓa a ƙarshe. Kusa ba ta juya kanta. Idan jiya silo daidai yake yau kuma ya hau, wani abu ne ya canja, kuma sassauta kusar rufe ciwo ne da tsumma. Ya fi hatsari a taɓa ɗaya kusar, wadda kamfani ke rufewa da hula ko hatimi, mai ƙayyade iyakar man da injekta ke bayarwa. Wasu kan ƙara ta don mota ta ja lodi a hawa. Sakamakon shi ne baƙin hayaƙi da silon da ke jinkirin sauka bayan an ɗaga ƙafa.

A cikin tsohuwar injekta akwai wani sashe da ake kira gwamna, wasu ƙananan ƙarafa masu nauyi da ke buɗewa idan juyi ya ƙaru, su rage mai, su tsuke idan ya ragu, su ƙara. Gwamna yana son mai tsabtatacce wanda babu iska a cikinsa. Idan tiyon mai ya tsage ko robar filta ta mutu, iska takan biyo mai zuwa injekta, sai silo ya dinga hawa yana sauka kamar mai haki. Bakanike mai lura yakan sa guntun tiyo mai haske tsakanin filta da injekta ya zuba ido. Ganin jerin kumfa ya wadatar. Man jarka da na duro, wanda ake saye a bakin hanya ko a ajiye a gona, yakan zo da ruwa da laka, wani lokaci da gaurin kananzir, kuma su ne ke sa sassan cikin injekta su yi tsatsa su cije. Idan bincike ya kai nan, aikin na mai injekta ne wanda ke da injin gwaji, ba abin buɗewa a kan buhu a ƙarƙashin dalbejiya ba.

Motocin zamani sun canja salo. Tun 1997 aka fara sa wa ƙananan motoci tsarin da ke tara mai a bututu guda da matsanancin ƙarfi, kwamfuta ce ke buɗe kowane nozul da lantarki. Babu igiyar totur, babu kusar silo. Kwamfutar tana aiki ne da labarin da sansa-sansa ke kawo mata, kuma idan an yi mata ƙarya za ta yi aiki da ƙaryar. Sansar zafin ruwa da ta lalace tana iya cewa inji na cikin sanyi da tsakar ranar bazara. Sansar feda idan ta rikice, ko wayarta ta ci tsatsa bayan wankin inji, wasu motocin, irin su Golf da Sharan masu shan gas, sukan yi watsi da feda su kafe a wajen 1,200 don direba ya lallaɓa zuwa gareji. A nan na'urar bincike da ake sokawa a wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari ita ce idon bakanike. Ba lambar laifi kaɗai ake karantawa ba. A duba zafin da kwamfuta ke gani a kwatanta da na zahiri, a duba ko feda na nuna sifili idan ba a taka ba, a duba ƙarfin batir.

Saura mafi muni, wato inji ya fara shan baƙin mansa. Injin dizal ba ya zaɓen abinci, duk abin da zai ƙone idan ya biyo iska zai ƙone shi. Idan hatimin tobo ya mutu, ko an cika baƙin mai ya wuce alama wajen juye, ko ringi ya cinye har hucin cikin inji yana turo mai ta tiyon numfashi, man yakan shiga ɗakin wuta ba tare da sanin injekta ba. A tsofaffin taraktoci masu matatar iska ta kwanon mai, cika kwanon fiye da kima ma yana jawo haka. Alamunsa su ne hayaƙi mai shuɗi ko fari, mai yana kwance a cikin bututun shaƙa, geji yana nuna baƙin mai na raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba. Idan kuwa geji ya nuna yana ƙaruwa kuma yana warin gas, to gas ne ke zuba cikinsa yana tsinka shi, hatsarin kuma ɗaya ne. Motar da ta nuna waɗannan alamu ba a sake tayar da ita sai an gyara.

Idan abin ya ƙwace, inji zai tashi da ruri mai ban tsoro, hayaƙi ya turnuƙe, a murɗa makulli ya ƙi mutuwa, domin makulli gas kaɗai yake yankewa. A mota mai kuloci, direba ya taka kuloci, ya sa giya mafi girma, ya ja birkin hannu, ya danne na ƙafa da ƙarfi, sannan ya saki kuloci don inji ya shaƙe. Idan ana iya kaiwa ga bakin bututun shaƙa, a toshe shi da faffaɗan katako, ba da tafin hannu ko tsumma ba, domin zuƙarsa tana iya haɗiye tsumma ta ji wa hannu mummunan rauni. Ba a zuba ruwa a ciki. A mota mai canja giya da kanta, ko idan duk wannan ya gagara, a fitar da fasinjoji a ja da baya nesa har inji ya tsaya da kansa. Bayan ya tsaya, ba a gwada tayar da shi sai an kwance bututun shaƙa an tsiyaye man da ya taru a ciki, an kuma gano ta inda ya shigo.